Takardar 'Yar Panya

A Garwa ba wanda ya riƙe sunanta na yanka.
'Yar Panya, haka unguwa ta ce, haka muka gada,
kamar tsohon turmi a bayan ɗaki:
an san ya yi daka, ba a san abin da ya daka ba.

Na fara da Baba Cindo, shi kaɗai ya rage a waɗanda suka gan ta.
Ya ce gajera ce, ba ta son tuwon dawa,
gwaza take cigiya rumfa rumfa
har masu kayan miya suka haddace tafiyarta.
Ya ce in Binuwai ya cika ya batse,
mata na salati, ita dariya take:
wai wannan ne ruwa,
wanda kake hango mai wanki a ƙetarensa?

Goggo Ladidi ta ce Barau ne ya kawo ta,
da ya gama kwantiragin koko a tsibirin Turawa,
suka hau jirgin gishiri da damina,
kwana nawa, Allah masani.
Ƙanenta ya ce ƙarya ne, ita ta ɗauko Barau,
shi zazzaɓi ya kayar, ita ta biya kuɗin jirgi.
Suka yi ta musu har shayi ya huce.

Akwai dai takarda.
Liman ya duba ya ce ba ajami ba ne.
Akawun gwamna ya ce ba Faransanci ba,
ba kuma rubutun Jamus ba.
Abin da ya gagari malamai ai sirri ne,
sai aka kai wa baduku ya ɗinke ta laya.
Kakana ya rataya ta zuwa fatauci,
babana ya ɗaura ta ranar jarrabawa,
ni ma ta kwana a wuyana shekarar ƙyanda.

Bara na sa reza na farke ɗinkin.
Hannuna na rawa kamar mai yanka ba bisimilla.
Uwani, 'yata, da ke koyon Sifaniyanci a makaranta,
ta shimfiɗa ta ƙarƙashin fitila, ta bi da yatsa:

Izinin fita daga tsibiri.
Mace ɗaya, shekara kamar ashirin.
Tsage a goshi da kumatu.
Tukunya ɗaya, zane biyu.
Gandu ba ya bin ta bashi.

Na ce, sunan fa?
Ta ɗaga takardar ta hasko.
Daidai nan ninki ya bi,
wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, ya huje.
Teku bai ci sunan ba, ta ƙetare da shi lafiya.
Guminmu ne ya ci,
mu uku, ɗaya bayan ɗaya, muna neman tsari.

Da la'asar na gangara tsohuwar tashar jirgi.
Ba jirgi. Masu ɗibar yashi ne da jakunansu,
da wani yaro yana wanke babur a tsakiyar kogi,
ruwa bai kai masa gwiwa ba.
Na buɗe taswira a waya:
tsibirin bai kai farcen ɗan yatsana ba,
sai na buɗa shi da yatsu biyu
ya yi kore, ya yi dutse, ya yi gajimare,
ba wanda zan yi wa sallama.

Gandu ba ya bin ta bashi.
Wannan layin nake ta juyawa a baki.
Da hatimin Bature ta fito, wankakkiya,
mu ne ta mutu tana bi.

A hanyar gida na tsaya kasuwa.
Rumfa ta huɗu na sami gwaza, da tsada.
Uwani ta ce, Baba, yaya ake dafa ta?
Na ce ban sani ba. Ɗora ruwa tukuna.